Reshena na ruɓewa kafin ya yi saiwa, garin saiwa ne maganin?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum masu lambu. Don Allah ina neman shawara. Ina so in yawaita wasu tsirrai ta hanyar yanka reshe, wardi da rumman da ɓaure. Na'a-na'a da tumatir ba sa ba ni wahala, ko a kofin ruwa na jefa su sai saiwa. Amma waɗannan ukun, da farko ganye shar har da sabon toho, can sai gindin ya yi baƙi ya yi laushi, in na zaro ko zare ɗaya na saiwa babu. An ce sai na sayi garin saiwa. Shi ne maganin?

Injiniya B: Wa alaikumus salam Hajiya. E, sayi garin. Ki duba jikin robar, in kin ga an rubuta IBA, wato sinadarin da ke sa reshe ya yi saiwa, to shi ne. Ki tsoma gindin reshen ki shuka, an gama.

Malam Sabo: Injiniya ka yi saurin rubuta magani ba ka ji ciwon ba. Hajiya, a cikin me kike soka su? Sau nawa kike ba su ruwa? Kuma ina kike ajiye su?

Ummu Hanan: Ƙasar lambu ce na gauraya da taki sosai don su samu ƙarfi. Ruwa safe da yamma. Suna wurin da rana ke samunsu har azahar.

Malam Sabo: To ga matsalar nan har uku, kuma babu wadda gari zai gyara. Reshen da aka yanka ba shi da bakin shan ruwa, amma ganyensa bai san haka ba, yana ci gaba da fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofin da ke bayansa kamar yana jikin uwarsa. Rana na ƙara masa wannan asarar. Ke kuma da kika ga ya yi yaushi sai ki ƙara ruwa a ƙasa, alhali ba shi da abin da zai ja ruwan da shi. Ruwan sai ya kwanta ya kori iskar da ke cikin ƙasa. Gindin da aka yanka rauni ne a buɗe, yana bukatar iska kafin ya warke ya fara saiwa. In babu iska ga danshi ga taki, ƙwayoyin ruɓa ne ke cin moriya. Wannan baƙin da laushin da kike gani aikinsu ne. Sama na mutuwa da ƙishi, ƙasa na nutsewa, a lokaci guda.

Taki kuwa ki cire shi gaba ɗaya daga lissafi. Abin da ba shi da saiwa ba ya cin taki. Gishirin da ke cikin takin ma zuƙe ruwan jikin reshen yake yi.

Ummu Hanan: Ikon Allah. To amma Malam, sabon tohon fa? Ai na ɗauka alamar ya kama ke nan.

Malam Sabo: Ba alama ba ce. Abincin da ya taho da shi daga jikin uwa yake kashewa. Ɓaure ya fi kowa wannan halin, sai ya fitar da ganye manya har mutum ya fara murna, ƙasa kuwa fayau. In saman ya fi gindin samun ɗumi, toho ke rigan saiwa fitowa, kuma tohon nan ƙarin ganye ne mai neman ruwa. Shi ya sa masu gidajen renon tsirrai suke ɗumama ƙasan tire, gindi ya samu ɗumin kamar digiri 21 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos, saman kuma ya ɗan fi sanyi.

Injiniya B: Malam ban ƙi maganarka ba, amma kada a raina garin. Ba tsibbu ba ne, kimiyya ce tsohuwa. Tsiro da kansa yana yin wani sinadari da ake kira oksin a kan tohonsa, yana gangarowa ƙasa ya taru a inda aka yanka, shi ke ba ƙwayoyin wurin umarnin su zama saiwa. Masanin tsirrai Frits Went ya nuna aikinsa a Holan a ƙarshen shekarun 1920. A 1935 Zimmerman da Wilcoxon a cibiyar Boyce Thompson ta Amurka suka nuna cewa IBA da NAA, sinadarai biyu masu aiki irin na oksin, na sa reshe ya yi saiwa, kuma tun daga lokacin su ake sayarwa. Akwai itatuwan da in babu shi kusan ba ka samun komai.

Malam Sabo: Duk gaskiya ne. Abin da nake cewa shi ne garin umarni yake bayarwa kawai. In reshen ya ruɓe kafin ya cika umarnin, wa aka umarta?

Zee: Ni fa zuma nake amfani da ita kuma tana min aiki. Kyauta ma, ba sai na nemi wani IBA ba.

Injiniya B: A kan wane tsiro?

Zee: Na'a-na'a da ɗoɗɗoya.

Injiniya B: Haba Zee. Waɗannan ko harararsu kika yi sai sun yi saiwa.

Zee: Kai Injiniya ba ka da kirki wallahi.

Malam Sabo: Zuma ba ta ɗauke da oksin. Abin da take yi, in ma ta yi, shi ne rage ƙwayoyin cuta a bakin yankan na ɗan lokaci. Garin kirfa ma haka. Ba laifi ba ne, sai dai zuma na jan tururuwa. In kina son sanin gaskiyar abin, ki yanka rassa daga uwa ɗaya a rana ɗaya, rabi da zuma rabi babu, ki sa su wuri ɗaya. Yawancin masu rantsuwa da waɗannan dabaru ba su taɓa barin wasu rassan haka nan don kwatantawa ba.

Baba Tanko: Sannunku da muhawara. Yarana, kun yi ta magana a kan abin da za a shafa wa reshe, ba wanda ya tambayi reshen kansa daga ina ya fito. Ni a wurina aikin yana ƙarewa tun a jikin uwa. Hajiya, bari in bi miki naki ɗaya bayan ɗaya.

Wardi: ki nemi reshen da ya gama fure kwanan nan, wanda in kika tura ƙayarsa gefe da yatsa za ta ɓalle tsaf. In ƙayar na lanƙwasa, ya yi ɗanye. In ta ƙi ɓallewa, ya tsufa. Tsawon kamar santimita 15, mai ido uku ko huɗu, wato wuraren da toho ke fitowa. Ki cire furen da ya bushe, ki cire ganyen ƙasa duka, ki bar biyu a sama.

Ɓaure da rumman: waɗannan sun fi son reshen da ya yi itace, na bara, mai kaurin fensir, santimita 20 ko ɗan fiye. Lokacin da bishiyar ta huta ta zubar da ganye ya fi. Ki binne kashi biyu cikin uku, ido ɗaya ko biyu kawai a waje. Ɓaure na zubar da farin ƙaro, ki bar shi ya tsane kafin ki soka, kuma kada ya taɓa miki ido ko fata ki shiga rana, yana ƙuna.

Duk ki yanka da sassafe lokacin da jikin ya cika da ruwa, ki shayar da uwar tun daren jiya. Yankan ƙasa ya zama dab da ƙarƙashin gaɓa, domin nan ne saiwa ta fi saurin fitowa. Kuma uwar da aka ɗura wa takin zamani ta yi kore shar ta yi laushi, rassanta ba sa abin kirki. Ruwa ne a cikinsu, ba abinci.

Ummu Hanan: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan maganar ƙayar ban taɓa jin ta ba.

Abu Yasir: Baba akwai abu ɗaya da ka manta, kuma yana kashe rassa da yawa ba a sani ba. In aka cire ganye duka, kamar na ɓaure, mutum na iya shuka shi kai ƙasa. Reshe ya san samansa da ƙasansa, oksin ɗin da Injiniya ya ambata ɓangare ɗaya yake gangarawa ko ka juya shi. Dabarar ita ce ka yi yankan ƙasa a karkace, na sama a miƙe, ko akasin haka, muddin dai kullum iri ɗaya kake yi.

Baba Tanko: Ban manta ba ɗana, na bar maka ne ka samu abin faɗa.

Abu Yasir: Godiya nake Baba.

Sadiya K: Tambaya a kan yankan karkace. Wasu na cewa dole sai digiri 45, wai don ya fi shan ruwa. Gaskiya ne?

Malam Sabo: Karkacewar na ɗan faɗaɗa wurin da saiwa za ta fito kuma tana sauƙaƙa sokawa, amma ba wanda zai ɗauko ma'auni. Kaifin abin yankan ya fi kusurwar muhimmanci nesa ba kusa ba. Almakashi mai dakushi murƙushe kara yake yi, wurin da ya murƙushe kuma nan ruɓa ke farawa. Sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi, a goge da sifirit kafin a koma kan wata uwar.

Ummu Hanan: To in ba ƙasar lambu ba, a cikin me zan sa?

Malam Sabo: Abin da ke riƙe danshi amma ruwa na wucewa ta cikinsa. Yashi mai tsakuwa-tsakuwa da aka wanke ya wadatar. In kina samun zaren ɓawon kwakwa da aka niƙa, ki haɗa rabi da rabi da yashin, ko da farin dutsen nan mara nauyi da ake kira falayit. Gwajin mai sauƙi ne: ki jiƙa, ki damƙa a hannu. In ruwa na tsiyaya, ya yi yawa. In ɗigo ɗaya ko biyu ne, daidai. Mazubin ya zama ƙarami mai huji a ƙasa. Babban mazubi na riƙe ruwan da ƙaramin reshe ba zai taɓa shanyewa ba.

Sai ki rufa masa farar leda mai nuna ciki, ki tokare ta da tsinke don kada ta kwanta a kan ganye. Aikin ledar shi ne ta cika iskar da ke kewaye da ganyen da laima, ya daina asarar ruwa. Kin ga yanzu kin shayar da shi ta sama ba tare da kin jiƙa gindin ba. Ki sa a wuri mai haske amma rana ba ta dukansa kai tsaye. Leda a cikin rana tukunya ce, cikin awa ɗaya sai ta dafa shi. Kullum ki buɗe na 'yan mintuna iska ta shiga, ki tsince duk ganyen da ya faɗi. Ruwa kuwa sai in saman yashin ya fara bushewa.

Injiniya B: Yawwa, yanzu da Malam ya gyara wurin, sai a dawo kan garina. Yana da ƙarfi daban-daban. Na kashi 0.1 cikin ɗari na ɗanyen reshe ne mai laushi, na 0.3 na mai matsakaicin tauri irin wardin da Baba ya kwatanta, na 0.8 na itace mai wuyar kamawa. In kika sa mai ƙarfi a ɗanyen reshe ƙona gindin zai yi. Ki zuba kaɗan a murfi, kada ki tsoma reshe cikin robar gaba ɗaya ki zuba mata cuta. Ki tsoma kamar santimita ɗaya ko biyu, ki kaɗe abin da ya yi yawa. Sannan ki fara huda rami da tsinke kafin ki sa reshen, in ba haka ba yashi zai goge garin tun a hanya.

Malam Sabo: Wannan kam na sa hannu. Ga wardi zai taimaka, zai ƙara yawan waɗanda suka kama kuma saiwar ta fi yawa. Ɓaure da rumman ba sa bukatarsa sosai.

Injiniya B: Alhamdulillahi, yau Malam ya yarda da ni.

Malam Sabo: Rabi.

Musty: Ni abin da na lura, in ka nemi bidiyon wannan aikin a YouTube, rabinsu masu noman wiwi ne na Kanada da Amurka. Su kam sun ƙware, tire da murfi da fitila da komai. Me ya sa su suka fi kowa damuwa da yankan reshe?

Mai kula da zaure: Musty a kula. Kanada ta halatta shi a 2018, Yurugwai tun 2013, Jamus ta sassauta a 2024, amma a yawancin ƙasashe nomansa laifi ne mai kai mutum kurkuku. Ba za a koyar da shi a nan ba. Tambayar dalili dai ana iya amsawa.

Abu Yasir: Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne, kuma ba su kaɗai ba ne. Akwai tsirran da namiji daban mace daban. In ka shuka iri ba ka san abin da zai fito ba sai ya girma, kuma kusan rabi maza ne. Mai dabino ma matsalarsa ke nan, shi ya sa yake cire 'ya'yan da ke fitowa a gindin macen da ya yarda da ita maimakon ya shuka ƙwallo ya jira shekaru. Reshe kwafin uwarsa ne sak, jinsi da ɗanɗano da girma. Iri kuwa gadon uwa da uba ne a cakuɗe. Duk inabin da ake nomawa don kasuwa da wardin da ake sayarwa da suna, ta reshe ko ta aure, wato a haɗa reshe a kan gindin wani tsiron, ake yaɗa su.

Baba Tanko: Kuma kwafin nan har da ciwon uwar yake ɗaukowa. Masu rogo sun san wannan. Cutar da ke sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe, ƙaramin farin ƙuda na yaɗa ta, amma hanyar da ta fi tafiya nesa ita ce karan da mutum ya yanko daga gonar da ta kamu ya kai sabuwa da hannunsa. Kada ka yanki reshe daga uwar da ganyenta bai yi maka ba, ko kyauta aka ba ka.

Malam Sabo: Ayaba ce babban misali. Irin da duniya ke ci kafin shekarun 1950, Gros Michel, duk kwafin juna ne. Cutar Panama ta shiga gonakin Amurka ta Tsakiya ba wadda ta iya tsaya mata, dole aka koma Cavendish. Ita ma kwafi ce, kuma sabon nau'in cutar da ake kira TR4 yana cin ta, ya isa Kolombiya a 2019.

Sadiya K: Mun yi nisa fa. A dawo kan kofin ruwa. Ni ina jin daɗinsa saboda ina ganin saiwar da idona. Me ya sa ba za a sa wardi a ruwa ba kawai?

Malam Sabo: Tsirrai masu laushi da ke yin saiwa cikin mako ɗaya ko kwana goma, kamar tumatir, suna gamawa kafin ruwan ya lalace. Wardi na ɗaukar mako huɗu zuwa takwas. Ruwan da ke tsaye iskarsa kaɗan ce, itace ba ya jure zama a ciki tsawon wannan lokacin. Sannan saiwar da ta fito a ruwa tana da rauni, tana karyewa, in aka mayar da ita ƙasa sai tsiron ya sake wahala. In dai a ruwan za ki yi, ki riƙa canza shi duk bayan kwana biyu, ganye kada ya taɓa ruwan, kuma ki dasa tun saiwar na santimita biyu zuwa uku, kada ki jira ta cika kofi.

Sadiya K: To a yashi ta yaya zan san ya kama ba tare da na zaro ba?

Baba Tanko: Wannan zarowar ita ce ke kashe rabin na masu gaggawa. Sabuwar saiwa ta fi gashi rauni. Ki yi amfani da kofin roba mai nuna ciki, ki huda ƙasansa, ki saka shi cikin wani mai duhu. In kina son dubawa sai ki ɗaga ki leƙa gefe. Farin zare a jikin kofi, shi ke nan.

Abu Yasir: Kuma in an zaro aka ga wani farin ƙulli kamar ƙurji a bakin yankan, ba saiwa ba ce tukuna, naman warkewa ne. Alama ce reshen na da rai, a mayar a ƙyale shi.

Musty: To mangwaro fa? Na gwada reshensa ya ƙi sam.

Malam Sabo: Zai ƙi. Mangwaro aure ake yi masa a kan ɗan da aka tsirar daga ƙwallo. Gwaba da lemo kuwa akwai hanyar da ta fi yanka sauƙi: ka sa reshen ya yi saiwa tun yana jikin uwa. Ka zaɓi mai kaurin yatsa, ka feɗe ɓawon zagaye faɗin santimita biyu zuwa uku, ka kankare santsin da ke kan itacen don kada ɓawon ya sake haɗewa, ka naɗa damshin zaren kwakwa ka ɗaure da leda sama da ƙasa. Ruwa na ci gaba da hawa ta cikin itacen, abincin da ganye ke yi da oksin kuma suna gangarowa ta ɓawo su tsaya a bakin yankan. Bayan wata biyu ko uku za ka ga saiwa ta cikin ledar, sai ka yanke daga ƙasanta. A nan ma in ka shafa garin Injiniya a gefen sama na yankan, yana hanzarta shi.

Injiniya B: Kashi uku cikin huɗu ke nan yanzu.

Ummu Hanan: Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Tambaya ta ƙarshe, in saiwar ta fito sai in cire ledar in kai shi rana?

Malam Sabo: A'a Hajiya, a hankali. Ganyen da ya saba da laima ƙofofinsa sun yi sakaci, ba sa rufewa da sauri. Ki fara huda ledar, washegari ki ƙara, ki buɗe rabi, a cikin mako guda ki cire duka. Bayan nan ranar safe kaɗai na wasu kwanaki. Taki sai sabon ganye ya fara fitowa bayan saiwa, shi ma ki tsinka shi ya zama kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da aka rubuta.

Baba Tanko: In wardin ya yi ƙoƙarin yin fure a watannin farko, ki tsinke tun yana ƙulli. Kuma ki yanka rassa fiye da yadda kike bukata, ko a hannun gwani ba duka ke kamawa ba.

Zee: Ni dai zan yi gwajin da Malam ya ce, rabi da zuma rabi babu. A kan wardi, kafin Injiniya ya yi magana.

Injiniya B: Ki ƙara kashi na uku da gari, kuma ki rubuta a jikin kowane kofi tun ranar farko, don kada a zo ana gardamar wanne ne wanne.